Rabin Dutsen Goggo Hajo

Tun da na dawo daga Zamfara ban huta da tambaya ba. Maƙwabtana na layin maɗinka sai su leƙo shago su ce, "Lawan, wai da gaske ƙasa ka je ɗebowa? Duk ƙasar Kano ba ta ishe ka ba?" Wani kuma ya ce in faɗi gaskiya, zinariya na je nema, da ban samu ba na dawo ina borin kunya. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu ina ɗaga murya saboda ƙarar inji, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa.

Sunana Lawali, Kanawa ne suka mai da ni Lawan. A Abare aka haife ni, cikin ƙasar Anka, na shigo Kano ina saurayi, yau ina da shagon aikin wuyan riga na injin kwamfuta. Daga safe har yamma injin yana zuba furanni a kan shadda, janareta yana kuka a baya, waya tana kuka a aljihu. Salla kam ina yi, ban taɓa sake da ita ba. Amma fa goshina yana ƙasa, hankalina yana kan zaren da ya tsinke. Sau da yawa sai na yi sallama nake tambayar kaina raka'a nawa na kawo. Na saurari ƙira'a a waya, na je wuraren wa'azi, har dutsen Dala na hau wata Juma'a ko zan ji wani abu ya motsa a ƙirjina, ban dawo da komai ba sai ciwon gwiwa. Abin yana ci mini rai, ban dai faɗa wa kowa ba.

Inna tana wurina tun rasuwar mahaifina, shekaru da yawa ke nan. Bara ɓarin jikinta na dama ya shanye, kuma ko ruwan ɗumi ya taɓa ta sai jikinta ya ɗauki rawa. Limamin unguwa ya ce ta riƙa taimama, wato ta dafa ƙasa mai tsarki ko dutse, ta shafi fuska da hannuwa a madadin alwala. Matata Hindatu ta samo yashi mai kyau daga wurin da ake gini, ta tankaɗe, ta zuba a faranti. Inna ta kai hanci ta kau da kai.

"Wagga ƙasa warin kwata takai," in ji ta. "Karnuka sun bi ta kai, mutane sun bi ta kai."

Muka kawo dutse, ta ce daga bakin titi ne. Liman ya zo da kansa ya ce mata ya halatta, ta ce to. Tana yi ɗin, amma in ta idar sai hawaye. Abinci ma ta rage ci. Ran nan na shigo ta kama mini hannu da hannunta mai lafiya.

"Lawali, sallata ba ta tashi sama. Ka tahi gida ka ɗebo mani ƙasab bayan ɗakina, inda nika salla dauri. Kak ka bari in mutu ina kokanto."

Hindatu ta tsorata saboda halin da hanya take ciki. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, har da murnata a ɓoye. Na ce zan je inda babu ƙara, in yi salla ko raka'a biyu ce da hankalina a jikina.

Daga Kano zuwa Funtuwa motarmu kamar kasuwa. Ana gardamar ƙwallo, wata mata tana faɗa da mijinta a waya duk muna ji. Muna wuce Funtuwa, aka doshi kan iyakar Zamfara, sai na ga carbi yana fitowa daga aljihuna ɗaya bayan ɗaya. Har mai gardamar ƙwallon ya koma salati. Direba, wani dattijo mai jan gemu, ya kashe rediyo ya ce kowa ya riƙe addu'arsa.

A wani shinge aka sauke mu, aka buɗe jakunkuna. Jami'in ya zaro buhu babu komai a ciki, ya zaro 'yar hauyar da na saya, ya dube ni sama da ƙasa.

"Me za ka haƙa?"

Na ce, "Ƙasa."

Ya ce, "Kowa ma haka yake cewa."

Na shiga bayanin Inna da taimama, ina yi ina jin yadda maganar take kama da ƙarya. Wata tsohuwa da muke kujera ɗaya ce ta cece ni. Ta ce, "Ɗana, dubi hannunai. Wanga ko gyaɗa bai iya tonawa." Aka kwashe da dariya, jami'in ya mayar mini da hauyata. Na ji daɗin kuɓuta, amma shaidar ba ta yi mini daɗi ba.

Na kwana a Gusau wurin wani abokin sana'a, don ba a kama hanyar Anka da yamma. Da safe ma sai da motoci suka taru a mararraba aka tashi a jere. A tashar Anka na ci hoce da ƙuli, wannan wainar dawa mai tauri da Hindatu take ce wa abincin 'yan dambe. Rabona da shi na manta, ina tauna muƙamuƙina yana ciwo ina jin daɗi. Daga nan na hau babur.

Abin da ya fara tarbata a Abare ƙarar inji ce. Tun daga nesa ake jin ta, injinan niƙa dutsen zinariya da aka jera can bayan gari. Na yi dariya ni kaɗai a bayan babur, na ce Lawali, ka gudo daga janareta guda ka faɗo gidan iyayensa. Garin cike da baƙi masu harsuna iri-iri, kowa fari fat da ƙurar dutse.

Baffa Mani, ƙanen mahaifina, shi ke riƙe da gidanmu. Gaisuwa kaɗai ta ci mana lokacin da a Kano ya isa a yi ciniki a ɗaure kaya. Ya tambayi Inna, ya tambayi yara ɗaya ɗaya, ya tambayi ruwa, ya dawo ya sake tambayar Inna. Na lura da wata sabuwar al'ada: a bakin zaure akwai buta da sabulu, duk wanda ya dawo daga wurin dutse sai ya wanke hannu da ƙafa, ya sake tufa, kafin ya shiga wurin iyali. Na ɗauka tsafta ce kawai ta shigo gari.

Ba wai ban san labarin gubar dalmar da ke cikin dutsen zinariya ba. Ina Kano na ji ta kashe yara a garinmu da su Tungar Daji, har jikokin Baffa biyu suna ciki. Na yi masa gaisuwa ta waya, na ce ina nan zuwa, Salla ta matso da aiki, wata Sallar ta biyo ta, ban zo ba. Na kuma ji an ce an yi aikin kwashe ƙasa. Ji ne kawai irin na mutumin birni, ban taɓa tsayawa na gane abin da ake nufi ba.

Da na shiga tsakar gida na ga ƙasar ja ce, ni kuwa mai duhu na sani. Bayan an ci tuwo kowa ya kishingiɗa saboda zafin rana, na ɗauki buhuna da hauyata na zaga bayan tsohon ɗakin Inna. Akwai wani ɗan lungu tsakanin bango da gindin rumbu, nan take shimfiɗa buzunta. Na sa hauya, jar ƙasar ta ƙare a taki guda, sai ga tsohuwar a ƙarƙashi, mai duhu, mai laushi. Na ɗebo a tafin hannu na shinshina, idona ya kawo ruwa. Na ce wannan ce ta gaske, ba baƙuwar da aka shimfiɗa a sama ba. Na shiga cika buhu da hannu bibbiyu.

"Aje shi! Aje shi nic ce!"

Kafin in juya Baffa ya buge buhun daga hannuna. Tsohon da ɗazu da ƙyar yake tashi, ban san lokacin da ya iso ba.

"Ina za ka da ita?"

Na ce Inna ce ta aiko ni, taimama za ta riƙa yi.

"Ɗiyanka nawa?"

"Uku."

"Ƙaramin hwa?"

"Rarrafe yake."

Sannan ya gaya mini cewa bayan tafiyar Inna, a ɗakinta aka riƙa tara buhunan dutse, a lungun nan mata suka riƙa daka shi a turmi. Masu aikin da suka zo sun kankare ƙasar gidan duka, sun kai rami sun binne, sun kawo mai lafiya daga daji sun shimfiɗa. Gindin rumbun ne shebur bai shiga da kyau ba, sai aka rufe shi da jar ƙasa aka hana yara zuwa.

"Wagga da kac cika buhu da ita," in ji shi, "ita tac cinye mani Sa'a da Buhari. Ita za ka kai ɗakin da ɗanka ka rarrahe?"

Na hango farantin Inna a gefen katifa, na hango ɗana Sadiku, wanda duk abin da ya samu baki yake kai wa. Baffa ya ja ni bakin zaure, ya zaunar da ni, ya wanke mini hannu da sabulu da kansa, yatsa bayan yatsa, har ƙarƙashin farce, kamar yaron goye. Ya sa na cire rigar. Ina zaune da 'yar shara, hannuna a cikin nasa, a nan na yi masa gaisuwar da ya kamata in zo in yi tun shekarun baya. Ya ce, "Allah ya jiƙansu. Ka zo dai yanzu." Bai ƙara komai a kai ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da safe na tambaye shi ko in ɗebi jar ƙasar. Ya ce lafiyarta lau, amma Inna ba ta san ta ba, hancinta zai gaya mata. Sannan ya ce, "Ai Ige ba ɗiyar Abare ba ta, aure yak kawo ta. Gwashi anka yanke mata cibi. Tahi can." Ige sunan Inna ke nan, rabon da in ji wani ya kira shi na manta.

Na koma Anka na shiga motar Bukkuyum. A tasha na bi masu babur ɗaya bayan ɗaya, da na ce Gwashi sai kowa ya girgiza kai. Wani ya ce, "Makon ga ba a shiga, Malam. Mutanen daji na bisa hanya." Wani mai shayi da ya ji ina faɗin sunan unguwar su Inna ya ce ai mutanen wurin sun watse, yawancinsu suna Gummi.

Na fita bayan tasha na zauna a ƙarƙashin wata bishiya, ga ƙasa shimfiɗe ko'ina, mai kyau, babu kwata babu gini. Zuciyata ta ce, cika buhu ka ce daga gida ce, wa zai tona? Har na durƙusa. Abin da ya tsayar da ni shi ne, in na yi haka kullum sau biyar zan ga tsohuwar tana gina sallarta a kan ƙaryata. Na miƙe na karkaɗe gwiwa. Sai na tuna da Hajo, ƙawar Inna ta ƙuruciya, Bafulatanar rugar da ke kusa da su, wadda ba a yin hirar da, a gidanmu, ba tare da sunanta ya fito ba. Na ce ko ban samu ƙasa ba, in kai wa Inna labarin ƙawarta.

A Gummi wani dattijo mai saukar baƙi ya ba ni tabarma a zaurensa. Bai tambaye ni ko ni wane ne ba sai da na ci shinkafa da kifin gulbi na ƙoshi. A Kano kafin ka ba baƙo tabarma sai ka ga wanda ya tsaya masa. Abokin zaurena wani Babarbare ne, Bukar, mai fasa dutse, yana jiran hanya ta buɗe ya koma bakin aiki. Da ya ji Bafulatana nake nema ya ce sai ya raka ni, don wai Fulani bayinsu ne, ba a shiga wurinsu sai da ubangida.

A layin masu nono muka same ta, 'yar tsohuwa siririya tana dama fura. Shanunsu sun tafi, nonon wasu take sayarwa. Ban gama gaisuwa ba ta ajiye ludayi ta ƙura wa goshina ido.

"Kai ɗan Ige na."

Na ce ni ne. Ta rufe baki da gefen mayafi, ta yi ta maimaita wata kalma da Fillanci. Bukar ya ce, "Kuka za ki yi gaban ubangijinki?" Ta ce, "Rufe mani baki, bawan banza, wa yab ba ka izinin zama?" Hawaye a fuskarta tana dariya. Ta dama mana fura, mai kauri, ba irin ta leda da muke sha a shago ba.

A ɗan ɗakin da aka ba ta aro na ba ta labari duka, har da abin da na yi a Abare. Goggo Hajo ta matsa bakin shimfiɗarta. Ta ɗaga filo ta ciro wani dutse mai santsi, launin toka, girmansa bai wuce ƙwaryar sha ba. Ta ce daga rafin Gwashi ne, inda ita da Ige suke wanke ƙore suna 'yan mata. Da shi take taimama in sanyi ya kama mata gaɓoɓi. Ranar da suka gudu ta bar ƙorenta na gado a rataye, shi ta ɗauka. Ta ɗora mini shi a hannu.

"Kai mata."

Na ce ba zan iya ba, ita da me za ta yi? Ta ce in karɓa. Na ce a'a. Muka yi ta turawa kamar masu rabon nama, har ta gaji ta juya wurin Bukar.

"Kai bawa, ba dutse kaka hwasawa ba? Raba muna shi biyu."

Bukar ya ɗauko gudumarsa da kurfi, ƙarfen da yake fasa dutse da shi. Na ce tsaya. Na nemi sabulu na wanke su sau uku, shi ma na sa ya wanke hannu. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin an yi wa guduma wankan amarya ba. Ban kula shi ba, hannun Baffa Mani nake tunawa. Ya jujjuya dutsen, ya nemo jijiyarsa, ya buga sau biyu a hankali, na uku ya rabe.

Daga waje dutsen ba shi da wani abin kallo. Cikinsa kuwa zane ne, fari da ruwan zuma da wani ja-ja, layi a kan layi suna lanƙwasa, a tsakiya wasu 'yan ƙwayoyi suna walƙiya da rana ta same su. Bukar ya kai ido kusa saboda sabo, ya kankara da farce. Na tambaye shi ko akwai dalma. Ya ce, "Babu dalma, babu zinariya ko ƙwaya. Dutsen banza ne." Goggo ta ce ai shi ma Bukar ɗin haka aka ce da aka haife shi.

Ni ban yi dariya ba. Shekara da shekaru ina zuba zane a wuyan riguna, ban taɓa fitar da mai kyan wannan ba. Kuma an yi shi an rufe, yana kwance a rafi tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, ba don wani mai saye ba, ba don kowa ya gani ba. Na ji bakina ya ce subhanallahi da kansa, tsigar jikina ta tashi. Na daɗe ina faɗin kalmar nan a carbi, amma rabon da ta fito mini daga ciki har na manta.

Dawowa babu abin labari, sai dai a shingen nan jami'in ya gane ni, ya ga rabin dutse a naɗe cikin rawani, ya ce, "Ka gani ko!" Da ƙyar na sha.

Na iso gida gab da azahar. Babu wuta, janaretan maƙwabci yana yi, masu adaidaita suna ta hon a titi. Inna ta dubi hannuna ba ta ga buhu ba, fuskarta ta faɗi. Na durƙusa na gaya mata gaskiya: ƙasar bayan ɗakinta guba ce, Gwashi ba ta shiguwa. Sannan na kwance rawanin na ɗora mata dutsen a cinya.

Ta shafa gefen mai santsi. Ta ɗaga shi da hannu ɗaya da ƙyar ta kai hanci. Na san abin da ta ji, don ni ma na ji shi a mota: man shanu da hayaƙi.

"Hajo," in ji ta. "Tana da rai?"

"Tana da rai, Inna. Tana Gummi, tana gaishe ki."

Yatsunta suka kai gefen da aka fasa. Ta tsaya.

"Ina rabin?"

"Yana wurinta. Ita ta ce a raba."

Daidai nan aka kira salla a masallacin layinmu. Inna ta saurara har aka gama, sannan ta ce, "To yanzu ita ma ta aza hannu bisa nata. Kama mani."

Na ɗauki hannunta na dama, wanda ba ya motsi, na shimfiɗa shi a kan dutsen, nawa a kan nata, ita kuma ta ɗora na hagu. Dutsen da sanyi. Ta shafi fuska, na taya ta shafar hannuwa, ta yi kabbara a zaune. Janareta bai daina ba, hon bai daina ba, Sadiku yana jan ƙafar wandona. Ina jin su duka, amma ba su shiga inda nake ba. Na je har Gummi neman wurin da babu ƙara, ashe a gefen katifar Inna zan tsaya.

Da ta yi sallama na duba fuskarta, babu hawaye. Ta juya wajen ƙofa ta ɗaga murya.

"Hindatu! Akwai sauran tuwo?"